Inda Na Saba Sauka

Wasunku sun dame ni da tambaya ko ina son Davron. Wallahi da na sani da na faɗa muku. Ban ƙi shi ba. Likitan haƙori ne a Almaty, can Kazakistan, ba ya ɗaga murya, in ya kira ni sai ya fara tambayar lafiyar Mama kafin tawa. Amma ranar da danginsa suka zo gidanmu a Tashkent aka gutsura gurasar baiko, mata suna ta sa albarka, ni wani ƙuda nake kallo a bakin kwanon zuma. Na bi shi da ido har ya tashi. Shekara biyu ke nan haka nake, in ci abinci, in je aiki, in yi dariya inda ake dariya.

Ga waɗanda yau suka fara karantawa, sunana Nafosat, shekarata ashirin da huɗu, ina aiki a wani kantin magani a unguwarmu. Ina da wa guda ɗaya, Yaya Ilhom, direban babbar mota. Barci ya sace shi a kan hanya kusa da Taraz, a can Kazakistan, ya buge wani mutum a kan keke. Mutumin ya rasu, aka yanke wa Yaya shekara biyar. A daren da labarin ya iso Baba ya tara mu a tsakar gida ya ce, "Daga yau Ilhom yana Koriya, yana aiki a masana'anta. Wanda ya faɗi wani abu daban ba ɗana ba ne." Haka aka gaya wa maƙwabta, haka aka gaya wa dangin Davron.

Abin da Baba bai sani ba, sau huɗu ina zuwa wurin Yaya. In ce an tura ni kwas Samarkand, Mama ta haɗa min jaka a ɓoye, in hau jirgin ƙasan dare.

To saura wata biyu biki sai mahaifiyar Davron, Inna Salomat, ta aiko cewa za ta tafi da ni Almaty in ga gidan da zan zauna, in auna tagogi saboda labule. A gidan 'yarta za mu sauka. Davron ya ce mu zo a jirgin sama, ta ce sam, kunnenta ba ya so, jirgin ƙasa za mu bi.

Da safen tafiyar Mama ta fito min da doguwar riga shuɗiya mai ƙananan furanni farare, wadda ta rufe min har idon sawu, da farin ɗankwali. Ta naɗe soyayyiyar kaza a tawul, dafaffen ƙwai guda goma, gurasa uku, samsa mai kabewa, wato gasasshiyar samosa. Baba yana tsaye a ƙarƙashin inabinsa da almakashi a hannu, bai juyo ba ya ce, "Ki kama bakinki. Ƙanwarki tana bayanki, ita ma aure za ta yi."

"To Baba."

A zaure Mama ta riƙo hannuna, ta rage murya. "Fasfonki. Ko banɗaki za ki, ki tafi da shi. Kar ki yarda uwar Davron ta buɗe."

"To Mama."

Inna Salomat ta riga ni isa tasha. Tsohuwar malamar lissafi ce, gajera, haƙoran zinariya biyu, tabarau rataye da sarƙa a ƙirji, rigar karan-miski ja mai duhu duk da ranar da ake yi. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kin taɓa kwana a jirgin ƙasa, 'yata?"

"A'a Inna."

"Kin taɓa fita waje?"

"Ban taɓa ba."

Ko gezau ban ji ba. Ƙarya ta daɗe ba ta sa zuciyata bugawa.

"To ki buɗe kunne," ta ce, muna jan akwati a gefen taragai. "Da mun shiga ki cire takalmin nan ki sa silifas. Ki shiga banɗaki tun yanzu, don kafin iyaka za su kulle, kuma sai sun ga dama su buɗe. Ruwan famfo na wanke hannu ne, ba na sha ba, ruwan zafi yana ƙarshen tarago. Zobenki ki juya dutsen ciki. In wani ya miƙo miki abinci ki karɓi kaɗan, ki ba shi namu."

Ina ta cewa to.

A ƙofar taragonmu kwandasta ke tsaye tana duba tikiti, kuma tun daga nesa na gane ta. Raushan, doguwa, mai jan gashin da ta rina, wadda ta taɓa ba ni bargonta a wani hunturu da na dawo daga Taraz ina rawar sanyi. Ta karɓi takarduna, ta ɗago, bakinta ya fara buɗewa da murmushi. Sai ta ga zoben, ta ga tsohuwar da ke gefena. Ta mayar da fuskarta ta aiki.

"Ɗaki na biyar. Gado ɗaya ƙasa, ɗaya sama."

Ɗakin gado huɗu ne, biyu a kan biyu, da ɗan teburi a jikin taga da labule mai ruwan toka. Mu kaɗai ne a lokacin. Inna tana waige-waigen inda za a sa akwati, ni kuwa hannuna ya riga tunanina. Na sa yatsa na danna ƙarfen da ke gefe, na ɗaga gadon ƙasa, na cusa akwatunan a cikin ramin, na sauke.

"Lalle," in ji Inna. "Ni sai da na yi tafiya uku kafin in san gadon nan yana ɗaguwa."

"A waya na gani."

"Wayar nan ba abin da ba ta koya muku."

Jirgi ya ja. Raushan ta kawo zannuwan gado a leda, kowa biyu, da rigar matashi da ƙaramin tawul. Na shimfiɗa wa Inna nata, na ja kusurwoyi na cusa, ina sane tana kallon hannuna. Wayata ta yi ƙara.

Davron: "Kun tashi? Mama ta fara lacca ko? Ki yi haƙuri, shekara talatin tana yi wa 'yan aji."

Davron: "In kin hau gadon sama ki ɗaga ƙarfen kariya. Kar ki faɗo min kafin biki."

Na rubuta, "To." Na ga ya yi kaɗan, na ƙara fuskar dariya.

Mama: "Lafiya dai? Fasfon yana jikinki?"

Ban amsa ba, don jirgin ya fara rage gudu. Tashkent da iyaka ba nisa. Ɓangarenmu ba a daɗe ba, jami'in ya buga hatimi bai ko dube ni sosai ba. Muka ɗan gusa, muka sake tsayawa a ɓangaren Kazakistan. Aka kashe injin, iska ta ɗauke, ɗakin ya ɗau zafi. Aka ce kowa ya zauna a wurinsa, ƙofa a buɗe. Wani ya wuce da kare, karen ya shinshina tawul ɗin kazar Mama ya yi gaba. Wani ya sa na sake ɗaga gado ya haska tocila.

Na ƙarshe shi ne mai na'ura rataye a wuya, saurayi, gumi a goshinsa. Ya karɓi na Inna, ya sa ta cire tabarau, ya buga. Ya karɓi nawa. Ya buɗe shafi, ya buɗe na gaba, ya buɗe na gaba.

"Kin zama 'yar gida," ya ce. "Wannan karon kwana nawa?"

"Huɗu."

"Wurin wa?"

Inna ce ta amsa. "Wurin ɗana. Surukata ce."

"Allah ya sanya alheri, Mama." Ya buga hatimin, ya haɗa fasfo biyun, ya miƙa wa babba kamar yadda tarbiyya ta ce. Ya fita.

Na ga hannuna a kan cinyata, bai motsa ba. Inna ta mayar da tabaranta. Ta ajiye nata a teburi, ta buɗe nawa. Ba ta yi sauri ba. Ta bi shafukan da yatsa kamar mai duba jarrabawa, shiga, fita, shiga, fita, leɓenta yana motsi kaɗan. Ku da kuke karantawa za ku ce me ya hana ni fizgewa, ko in yi kuka, ko in ƙirƙiro wani abu. Ni ma na jira in ji tsoro ya zo. Bai zo ba. Abin da na lura da shi kawai shi ne wani zare da ya fito daga hannun rigarta.

Ta rufe, ta miƙo min.

"Sa a jaka. In sun buɗe hanya ki ɗebo mana ruwan zafi."

Shi ke nan abin da ta ce.

Sai bayan la'asar jirgin ya sake tafiya. Layin wayata ya ɗauke. Na je ƙarshen tarago da butar shayi, Raushan tana ɗan ɗakinta tana jera kofuna. Ba ta juyo ba ta ce, "Ya jikin yayan naki? Tarin ya tafi?"

"Ya yi sauƙi."

"Tsohuwar ta sani?"

"Yanzu ta sani."

Ta ja tsaki a hankali, ta jefa min sukari biyu a aljihu duk da ta san ba na sha.

Muka ci kaza. Inna ta yaba samsar Mama, ta tambayi ko da man tunkiya ake yi. Ta ba ni labarin tagogin gidan Davron, wai na falo dogo ne har ƙasa, kar Mama ta sayi yadi mai nauyi. Na ɓare mata ƙwai, ta barbaɗa gishiri. A waje fili ne shimfiɗe ba iyaka, sandunan lantarki, jefi-jefi wani a kan doki da tumaki. A Shymkent wata dattijuwa ta shigo da bokitin tuffa, ta ba mu guda biyu-biyu, muka ba ta gurasa, ta yi sallarta a zaune, ta kwanta ta juya mana baya. Kafin a jima ta fara minshari.

Na hau sama da rigata a jiki. Na ɗaga ƙarfen. Rufin jirgin yana dab da fuskata, fitila shuɗiya ƙarama a saman ƙofa, cokali yana kaɗawa a cikin kofi a ƙasa. Ban yi barci ba, ban kuma yi tunani ba. Jikina ya san hanyar nan. Ya san inda jirgi ke karkata, ya san doguwar gadar, ya san in an wuce ta saura kaɗan. Can na ji kaina ina laluben takalmi da ƙafa, sai na tuna yau ba sauka zan yi ba.

Birki ya yi ƙara. Hasken tasha ya ratsa labule.

"Nafosat." Muryar Inna daga ƙasa, ba alamar barci a ciki. "Sauko mu sha iska."

Ta yafa mayafin ulu a kan rigar barcinta. Raushan ta sauke matakala ta ce, "Minti goma sha biyu. Kar ku yi nisa."

Taraz da tsakar dare, sanyi-sanyi, warin gawayi da busasshen kifi. Mata masu talla suna bin taragai da kwanuka rufe da tawul. Can gaba na hango su, mata uku sun sauko da manyan jakunkunan leda masu zanen ɗaki-ɗaki, suna jan su zuwa ɗakin jira. Ban san su ba, amma na san inda za su.

"Nan kike sauka?" in ji Inna.

"E."

"Daga nan fa?"

Na gaya mata. Muryata tana fita kamar ina karanta takardar magani. Na ce ana zama a ɗakin jiran can har asuba, a kan benci, jaka tsakanin ƙafafu. Da asuba a hau ƙaramar bas. A yi layi a bakin ƙofar gidan yarin. Su yayyanka gurasar, su soke sabulu da ƙarfe, su juye shayin a leda. In an yi sa'a kafin azahar a kira sunanka. Gilashi a tsakani, waya a hannu. Na ce Yaya ya rame, haƙorinsa ɗaya ya fita, kuma duk zuwa sai ya tambaye ni ko Baba ya yi wa inabi aski. Na ce akwai mutumin da ya mutu, yana da 'ya'ya uku, Yaya ya san sunayensu duka.

Ta saurara har na gama. Ta gyara mayafi.

"Na sani tun kafin a gutsura gurasa," ta ce.

Na dube ta.

"Ƙanin marigayi mijina yana tuƙi a hanyar nan. Direbobi ba su da sirri. Koriya!" Ta yi wata 'yar dariya ta hanci. "Babanki ya ɗauka mutane jakuna ne. Abin da ban sani ba shi ne zuwanki. Na dai yi zargi, shi ya sa na ce kunnena ba ya son jirgin sama. Kunnena lafiyarsa lau."

"Me ya sa kuka zo neman aurena, Inna?"

"Don na ga yadda kike riƙe da uwarki. Yau kuma na ga sauran. Yarinyar da za ta kwana a bencin can sau huɗu saboda ɗan'uwanta ba za ta yar da ɗana ba in ya faɗi. Ina son ki, kar ki yi zaton wani abu." Ta kama hannuna, tafinta da ɗumi. "Amma ki ji ni da kyau. Davron bai sani ba, kuma ba zai sani ba. Na san abin da na haifa. Akwai wadda ya so kafin ke, shekara biyu suna tare, ta ɓoye masa abin da bai kai rabin wannan ba. Ranar da ya gano ko sallama bai yi mata ba. Ba ya faɗa, ba ya zagi, rufe ƙofa kawai yake yi."

Wata mai talla ta matso da kwano, Inna ta ɗaga mata hannu ta wuce.

"Fasfo yana ɓacewa, a yi sabo fari tas. Ni zan riƙe bakina har kabari. Ke kuma kin gama da garin nan. Ba zuwa, ba aike, ba waya. Saura shekara uku ya fito, sai ya dawo daga Koriyarsa, mu je mu yi masa barka da zuwa da kwanon shinkafa."

"Ba mai zuwa wurinsa sai ni."

"Na sani."

"Sha tara ga watan gobe aka ba ni ranar ziyara."

"Sha tara ga watan gobe kina wurin tela ana gwada miki rigar amarya." Ta saki hannuna. "Ba mugunta nake miki ba, 'yata. Gida nake gina miki. Ki kwana da maganar, da safe ba sai kin ce min komai ba. In kin yi shiru na ji amsa."

Raushan ta buga ƙarfen matakala. "Ku hau!"

Na tura Inna sama, na bi ta. Ta taga na ga ɗakin jiran yana wucewa, matan nan uku sun samu benci, ɗaya ta cire takalmi ta ɗora ƙafa a kan jakarta.

Ban san ko na yi barci ba. Na dai buɗe ido na ga gari ya yi fari, Raushan tana bin ƙofofi tana ƙwanƙwasawa, a tashi, a kawo zannuwa. Layin banɗaki ya kai tsakiyar tarago, kowa da tawul a kafaɗa da buroshi a hannu. Na wanke fuska da ruwan da ke fita ɗis-ɗis in ka danna da tafin hannu. Na ninke zanina da na Inna, na kai. Dattijuwa mai tuffa ta ce amarya ba ta da surutu, Allah ya ba da irinta. Inna ta ce amin. Ta ciro kwalli daga jakarta ta miƙo min, ta gyara min ɗankwali da hannunta, ta juya min dutsen zoben waje.

Duwatsu masu farin kai suka bayyana ta taga, sai gidaje, sai dogayen benaye. Wayar Inna ta yi ƙara, ta duba ta nuna min saƙon Davron. "Ina bakin tarago na bakwai. Ku ce wa Nafosat na ga ta ci jarrabawa tunda ba ta gudu a hanya ba."

Yana tsaye inda ya ce. Farar riga, jaket mai ruwan ƙasa, furanni naɗe a takarda. Ya rungumi mahaifiyarsa, ya karɓi akwatunan, sannan ya juyo ya miƙo min furannin yana ɗan jin kunya.

"Sannu da hanya. Kin yi barci kuwa? Idonki ya yi ja."

Inna tana gefensa, tana kallona ta saman tabarau, fuskarta a sake. Abin da ake so in yi kawai shi ne in karɓi furanni in ce na gode. Na karɓa. Takardar ta yi sanyi a hannuna.

Ban shirya ba, wallahi ban shirya ba. Na dai ji bakina yana magana da irin muryar da nake gaya wa mutane sau nawa za su sha magani a rana.

"Davron, Yaya Ilhom ba ya Koriya. Yana gidan yari a Taraz, ya buge mutum da mota ya mutu. Sau huɗu ina zuwa wurinsa a jirgin nan. Sha tara ga watan gobe ma zan je."

Mutane suna ta wuce mu da kaya, wani ya bangaje kafaɗata ya ba da haƙuri. Davron ya sauke akwati ɗaya a hankali, ya sauke ɗayan. Na jira ya dube ni, bai dube ni ba. Mahaifiyarsa ya juya yana kallo, ita da ba ta yi salati ba, ba ta dafe ƙirji ba, ta dai runtse ido.

"Mama," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ku tun yaushe kuka sani?"